Kwanon Rufin da Gwaggo Ta Hana Babana

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma, mai surutu da mai shiru. Gwaggo, yayar mahaifina, ta riga mu gidan gaskiya bayan an gama shigar da dawa rumbu. Da hantsi ta cika, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ta tafi kamar yadda take tafiya kasuwa, da sauri, ba ta tsaya jiran kowa ba.

Na sha zaman makoki, amma ban taɓa ganin irin nata ba. Mace za ta shigo da hawaye, ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙanta," ta nemi gefen tabarma ta zauna. Ba a jimawa sai ka ji ta ce, "Kun tuna ranar da ta tare malamin gwamnati a hanya?" Kafin ta rufe baki tsakar gida ta ɗauki dariya. Liman ya aiko daga zaure a ce mana mu sassauta, makoki ake yi. Da ɗan aiken ya koma ya faɗa masa abin da ake wa dariya, an ce shi ma sai da ya rufe baki da hannun riga.

Mata sun zo daga Gayam, sun zo daga Saminaka, wasu har daga wajen Damari, kowace tana jan yaro ko budurwa. Sai ta tura shi gaba ta ce, "Gaishe su. A ɗakinta aka haife ka." Matan Fulani suka ajiye ƙoren nono a bakin ƙofa, suka ƙi karɓar komai. Aminiyar Gwaggo, wadda za ku ji labarinta a gaba, ta zauna a bakin ɗakin mamaciyar ta miƙe ƙafafu, tana yi mata faɗa ƙasa-ƙasa da harshen Gbagyi. Na tambaye ta me take cewa. Ta ce, "Cewa nake ta karya alkawari. Ni ce babba, ni ya kamata in riga ta."

Wani dattijo mai furfura ya sauka daga mota ya shigo zaure. Shi ne malamin raya karkara na yankinmu a da, ya daɗe da yin ritaya. Ya riƙe hannun Baba ya ce, "Na yi aiki da ƙungiyoyi masu yawa, ban taɓa jin tsoron kowa ba sai yayarka."

Aka yi sadakar uku. Ran nan da la'asar na kai wa Baba ruwa, ya karɓa ya dube ni, idanunsa sun cika, bakinsa kuma yana murmushi. Ya ce, "Ta hana ni kwano." Jikokinsa suka dubi juna, suna zaton baƙin ciki ne ya taɓa tsoho. Saboda su na zauna nake rubuta wannan, don kada maganar ta bi mu kabari.

Gwaggo gajeriya ce, mai ƙaramin jiki da babbar murya. Daddawa ce sana'arta. Idan ɗorawa ta nuna ita ce ta farko a daji, kuma duk ranar kasuwa a ƙafa take kai kayanta Birnin Gwari. Ba ta shiga gida ta fita ba ta buɗe tukunyar miya ta ɗanɗana ba. Idan ta lasa sai ta ɗaga ido sama ta ce, "Wannan daddawar ba tawa ba ce. Allah Ya ba maigidanki haƙuri." Mijinta ya rasu tun ina ƙarama, ta ci gaba da zama a gidansa a ƙarshen gari. Ta haihu ba sau ɗaya ba, amma babu wanda ya rayu ya taka ƙasa. Ba ta taɓa ɗauko wannan zance ba. Sai dai duk mai ciki a ƙauyen, Gwaggo ta fi mijinta sanin watanta.

Aminiyarta maƙwabciyarta ce, Kirista, matar wani dattijon coci. Zana ɗaya ya raba gidajensu, shi ma sun huda shi don miƙa wa juna gishiri da garwashi. Ƙawa suke kiran juna. Kullum sai sun yi faɗa. Gwaggo ta fara da Hausa, aminiyar ta rama da Gbagyi, idan abin ya yi zafi sai su yi musanyar harshe, kowace ta zagi 'yar'uwarta da yaren gidansu don kada ta ce ba ta ji ba. Daga nan sai ka gan su a kan tabarma ɗaya suna ɓare gyaɗa.

Ƙauyenmu yana can bayan Gayam, a bakin daji. Tsakaninmu da Birni akwai wani kogi. Da rani yara ke haƙa yashinsa suna wasa. Idan damina ta nutsa kuwa, ya kan cika ya batse, ya yi kwanaki ko saniya ba ta isa ta shiga ba. Wata damina surukar aminiyar Gwaggo, matar ɗanta, ta shiga doguwar naƙuda. Ungozomar gari ta yi iya yinta ta ce a tafi asibiti. Maza suka ciro ƙyauren ɗaki suka ɗora ta suka nufi Birni. Suka tarar da kogi ya kawo. A bakinsa suka zauna suna kallon ruwa yana wucewa da itatuwa. Uwar ta tsira da ƙyar, ɗan bai zo da rai ba.

Gwaggo tana cikin waɗanda suka raka ta. Da suka dawo ta yi kwanaki ba ta buɗe tukunyar kowa ba. Sai wata rana a bakin turmi ta ce wa mata, "Kogin nan ba zai kauce mana ba, kuma ba ya jin magiya. Tunda haka ne, mu riga shi ƙetarewa." Abin da take nufi shi ne a gina ɗaki a Birni kusa da asibiti, duk wadda watanta ya tsaya cikin damina ta je can ta zauna tun ruwa bai tare hanya ba. Mata suka ce magana ce mai kyau. Suka kuma ce, da me?

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Sai ga wani saurayi a kan keke, malamin raya karkara, ya zo ya tara maza a gindin tsamiya. Ya ce gwamnati tana ba da tallafi ga ƙananan ƙungiyoyin taimakon kai da kai. Jama'a su kawo ƙarfinsu, ita kuma ta kawo abin da ƙarfi ba ya bayarwa, kamar siminti da kwano da ƙusa. Maza suka ce madalla, Allah Ya taimaki gwamnati, suka kakkaɓe riguna suka watse. Gwaggo kuwa tana bayan zana ta ji komai. Ta yanke ta bayan gari ta tsaya a tsakiyar hanya da kwandonta a ka. Dole malamin ya taka birki.

Ta ce, "Ɗana, tallafin nan na masu gemu ne kaɗai, ko har da masu ɗankwali?"

Ya ce, "Na kowa ne, Iya, in dai akwai ƙungiya. Kuna da ita?"

"Muna da ita mana."

"Mene ne sunanta?"

Ko ido ba ta ƙifta ba ta ce, "Haba ɗana, yau aka haife ta. Ka dawo ranar suna."

Ya yi dariya har keken ya kusa kayar da shi. Amma ya dawo, mu kuma muka yi suna na gaske a gindin ɗorawa, har da ƙosai da kunu. Aka raɗa wa jaririya Mu Riga Kogi. Gwaggo ta zama shugaba, ba wanda ya yi gardama domin ba wanda ya isa. Aminiyarta ta zama mataimakiya. Ni kuma, da yake na ɗan taɓa firamare kafin a yi mini aure, aka ce ni ce magatakarda.

Malamin bai ɓoye mana gaskiya ba. Ya ce masu nema suna da yawa, abin rabawa kaɗan ne. Wani gari rijiya yake so, wani kwalbati, wani aji. Ya ce mu fara samo fili. Gwaggo ta je wurin wani tsohon ɗan kasuwa a Birni da ya daɗe yana cin daddawarta, wanda turken jakunansa yake jikin katangar asibiti. Ban san abin da ta faɗa masa ba. Na dai san jakunan sun koma bayan gida.

Daga nan ta mai da ofishin raya karkara rumfarta ta biyu. Duk ranar kasuwa, idan ta gama ciniki, sai ta je ta zauna a kan bencin baranda da ragowar kayanta. Ba ta roƙo, ba ta faɗa. Duk wanda ya wuce ta gaishe shi ta tambayi iyalinsa. Masinjoji suka fara saye a wurinta. Wanda ya san daddawa ya san ba ta zaman baƙunta shiru, kafin wani lokaci ofishin nan har cikin durowa warinta ne. Wata rana ina tare da ita shugaban ofishin ya fito yana fifita da hula, ya ce, "Wai wace ce wannan da nake ji kullum?"

Gwaggo ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙungiya ce."

Ya ce ƙungiya ta shigo. Ta shiga ta ba shi labarin ƙyaure da bakin kogi, ba ƙari ba ragi. Na ga ya daina fifitar. Da za mu fito ta ajiye wa malaminmu ƙunshin daddawa a kan tebur, ya mayar mata da hannu biyu. Ya ce, "Iya, ki ajiye mini sai ranar da na ga ɗakin a tsaye." Ta fito tana cewa, "Yaron nan ya sha nonon halal."

Siminti muka roƙa da katako da kwano. Abin da ya samu shi ne kwano da ƙusa. Kuma da yake sunan ƙauyenmu ne a takarda, motar ofis ta wuce filin namu na Birni ta zo ta sauke kayan a bakin hanyarmu, ana gab da faɗuwar ruwan farko, lokacin da ba mai hankalin da zai fara ginin ƙasa. Mata suka tsaya cirko-cirko. Wata ta ce, "Yanzu rufi ba bango, me za mu yi da shi?"

Gwaggo ta ƙwanƙwasa kwanon ta saurari ƙararsa kamar mai sayen tukunya. Ta ce, "Sun ba mu hula. Saura mu nemo kan da za mu sa wa."

Aka kwashe kayan aka jingina a ɗakinta, su jira rani.

A lokacin babu gida ko ɗaya mai kwano a ƙauyen. Mutane suka riƙa zuwa gaishe da Gwaggo fiye da kullum, kowa yana magana idonsa na kan bango. Ta sallami kowa da wasa da dariya. Na Baba ne ya zo da nauyi. Iskar farkon damina ta ɗauke jinkar ɗakinsa ta yar a gonar maƙwabci, ga shi lokacin shuci ya wuce, wato busasshiyar ciyawar da ake baibaya ɗaki da ita. Ya je wurinta, ina zaune.

Ya ce, "Yaya, aro na zo. Falle kaɗan. Idan kaka ta yi na sayar da gyaɗa in sayo sabo in mayar."

Ta ce, "Ba nawa ba ne."

"A ɗakinki yake."

"Kazar Ƙawa ma a ɗakina take kwana. Ka taɓa jin na yanka ta?"

"Ni ne fa, Yaya. Cikinmu ɗaya."

"Shi ya sa. In na ba ka, gobe mai gari ya aiko in ce masa me? Jibi kuma wa? Kafin rani sai ƙusa ta rage mana. Kayan mata ne, da na cikin cikinsu. Je ka, Allah Ya rufa maka."

Baba ya miƙe ya ce, "Allah zai rufa mini, tunda ke kin ƙi." Ya fita ko takalminsa bai gama sawa ba.

Ya daina yi mata magana. Ya kuma kafa doka kada a sake sa daddawarta a miyar gidansa. Inna, mahaifiyata, ta bi doka sau da ƙafa. Ya ci tuwo da miya salam na 'yan kwanaki, sannan ya ture kwano ya ce, "Wai me ya sami miyar gidan nan?" Inna ta ce, "Ai miyar ce ta yi yaji, ta bi yayarka."

Wata rana ya dawo daga gona ya tarar da ɗakinsa da sabuwar jinka, an baibaye shi tsaf. Inna ta ce mijin aminiyar Gwaggo ne da 'ya'yansa suka zo suka yi. Ya je ya yi wa dattijon godiya. Dattijon ya ce, "Hannuna ne kawai, shucin ba nawa ba ne," ya ƙi ƙara komai. Baba ya gane, amma girman kai ya riƙe masa ƙafa. Sai da aka yi wani ruwa mai ƙarfi da rana tsaka ya tuna cewa tun rani yayarsa take tara shuci, saboda ɗakinta ya fi kowanne yoyo a garin. Ya yafa buhu ya fita cikin ruwan.

Ya sha ba mu labarin abin da ya gani. Ɗaki yana zuba ta ko'ina, ƙore da tukwane da kasko an jera su a ƙasa kowanne yana kiɗansa. Kwanon rufi yana jingine a wurin da ya fi bushewa, an ɗora shi a kan itace, an lulluɓe shi da tabarmarta da zanenta na zuwa biki don kada ya yi tsatsa. Ita kuwa tana zaune a kan turmi a tsakiyar ɗaki, ta kifa faifai a ka, tana cin goro.

Ya ce, "Yaya, anya kanki ɗaya?"

Ta ce, "Ka zo a kan gaɓa. Riƙe mini ƙwaryar nan, ta cika."

Ya riƙe ƙwarya. Suka dubi juna, sai dariya. Daga ranar miyar gidanmu ta dawo daga yaji.

Da rani ya yi, Baba ne ya bi gida-gida ya tara maza gayya, suka nufi filin namu na Birni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle kwano. Musulmi da Kirista, kowa ya fito da fartanya. Suka kwaɓa ƙasa suka yi tubali, suka saro azara a daji a madadin katako. Da babu siminti, mu mata muka ce daɓe ai namu ne tun kaka da kakanni. Gwaggo ta fito da makubar da ta tara daga ɓawon ɗorawa, muka jiƙa, muka daɓe ƙasan ɗakin da waƙa har ya yi sulɓi yana ƙyalli.

Ranar da aka kai kwanon nan Birni ba zan manta da ita ba. A ka aka ɗauka, mutum biyu-biyu, a jere cikin daji. Rana tana dukansa yana walƙiya, iska tana kaɗa shi yana rugugi kamar hadari. Shanun wani Bafulatani suka ɗaga wutsiya suka bazama. Gwaggo tana gaba ba ta ɗauki komai ba sai murya. Baba ne ya fara hawa sama ya buga ƙusar farko. Tana ƙasa tana cewa, "A hankali, autan gidanmu, ba naka ba ne!" Da aka gama malamin raya karkara ya zo ya zagaya ɗakin, ya shafa daɓen da hannu, sannan ya miƙa mata tafinsa ya ce, "Iya, ina ajiyata?"

Sai kuma ɗaki ya zauna ba kowa.

Wannan ne abin da ba mu hango ba. Damina ta kawo kai, masu ciki suna nan, amma ba wadda ta yarda ta je. Wata ta ce kunya, ta yaya za ta je ta tare a gari kowa ya san abin da take jira. Wata ta ce wa zai dafa wa yara. Maza suka ce iyayenmu ba a ɗakin kwano suka haife mu ba. Na fara jin ana ce wa ɗakin rumbun Gwaggo. Ita ma ta ji. A lokacin ne kaɗai na ga ta rame.

Ni kuwa ina ɗauke da cikin fari, kuma bisa al'ada na koma gidanmu goyon ciki. Gwaggo ta zo ta sami Baba.

Ta ce, "'Yarka zan tafi da ita."

Ya ce, "Yaya, cikin fari a gidan uba ake haihuwarsa. Kin fi ni sani."

"Wa ya kwaɓa ƙasar ɗakin can?"

"Ni."

"Wa ya rufa shi?"

"Ni."

"To gidan wa ke nan?"

Baba ya sosa ƙeya, ya ce a kira maigidana a faɗa masa. Gwaggo ta juyo gare ni ta ce, "Ke fa, 'yar nan? Ba zan ɗauke ki kamar kwando ba. In ba kya so ki faɗa." Gaskiya ina jin kunya, ina kuma jin tsoro. Amma na ga surukar aminiyarta a kan ƙyaure da idona. Na ce zan je.

Muka ƙetare kogi ruwa yana iya gwiwa. Bayan 'yan kwanaki ya rufe hanya. Gwaggo da aminiyarta suka tare tare da ni, suna dafa mini abinci suna faɗa a kan gishiri. Naƙuda ta zo mini da hantsi, ana tafka ruwa, kuma ba ta zo da sauƙi ba. Aminiyar ta ruga ta kira ungozomar asibiti, taku kaɗan ne. Ta duba ni ta ce abin da ke cikin bai kwanta daidai ba, amma kada mu tsorata. Ina ta cije leɓe, domin an hore mu cewa mace ba ta ihu a kan gwiwa. Ruwa kuwa yana dukan kwano, ƙara ta cika ɗaki, ko maganar na kusa da kai sai ka kasa kunne. Gwaggo ta sunkuyo ta sa baki a kunnena ta ce, "Yi ihunki, 'yar nan. Gwamnati ta ba mu rufi mai rufa asiri."

Na yi dariya cikin azaba, na kuma yi ihun. Bayan azahar Allah Ya sauke ni, na sami 'ya mace. Ungozomar tana wanke hannu ta ce wa Gwaggo, "Da a ƙauye take, da yanzu wani zancen ake." Gwaggo ta miƙa hannu. Ta karɓi jaririyar ta juya mana baya ta fuskanci bango, ta daɗe a haka. Aminiyarta ta yi mini alama in ƙyale ta.

Da ruwa ya tsagaita ta ɗaura ɗamara ta nufi kogi a ƙafa. Baba da maigidana suna tsallake, kullum nan suke wuni ko za su ji labari. Ƙarar ruwa ba ta barin magana ta ƙetare, ko da muryar Gwaggo ce. Sai ta rangaɗa guɗa, ta nuna alamar goyo a bayanta, ta cire ɗankwalinta ta ɗaga sama tana kaɗawa, wato mace ce. Daga baya maigidana ya ba ni labari cewa Baba ya zauna daɓas a cikin laka yana hamdala.

Kafin damina ta fita mata biyu sun biyo ni. Shekara ta zagayo sai da aka riƙa shimfiɗa a baranda. Bahaushiya da 'yar Gbagyi da Bafulatana a murhu ɗaya, kowace tana koya wa 'yar'uwarta miyar gidansu. Gwaggo ta koma kan bencinta na ofis. Wata shekara a samu, aka ƙara ɗaki na biyu. Wata shekara a ce babu, ta dawo ko a jikinta. Takan ce, "Babu ta ofis kamar zazzaɓin damina ce, ba a yi mata fushi, jinya ake yi." Matan wasu garuruwa suka riƙa zuwa tambayarta yadda ake neman tallafi. Amsarta ɗaya ce: "Ku fara aza tubali kafin ku je. Mai roƙo da laka a hannu ya fi mai roƙo da turare." Idan suka ce ba su iya magana a gaban manya ba, sai ta ce, "Wadda ta iya ciniki a kasuwa ta iya magana da gwamna."

Ba waliyyiya ba ce, kada jikoki su ɗauka haka. Tana da kafiya, tana da katsalandan, kuma ta sha sa mutane kuka da bakinta kafin ta bi su da ƙunshin daddawa. Amma ban san wanda ya kwana da yunwa ko ya haihu shi kaɗai tana da labari ba.

Bayan an yi addu'ar arba'in muka yi taron ƙungiya na farko babu ita. Maganar rijiya ce a gabanmu, domin masu jego suna shan wahalar ɗebo ruwa. Muka yi ta musu har muka daidaita cewa a je ofis a nema. Sai wata ta ce, "To wa zai yi magana?" Kowa ya sunkuyar da kai, ni ma haka.

Aminiyar Gwaggo ta dafa sandarta ta miƙe da ƙyar. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Ku tashi mu tafi gaba ɗaya. Bakin Ƙawa guda ɗaya ne, amma sai mun harhaɗa namu duka kafin ya kai."

Muka yi dariya, muka share hawaye, muka ɗaura mayafai. Kafin mu kama hanya sai da muka biya ta bayan ɗakin, muka fara sara ƙasa a inda muke son rijiyar.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yafe mata kurakuranta, Ya yalwata mata makwanci. Yadda ta nema wa 'ya'yan wasu inuwa, Allah Ya sa ta a inuwar rahamarSa, Ya haɗa ta da nata da suka riga ta. Mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.